Malam Lawan, Wanda Ya Hana a Share Gari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, ina cikin wanke-wanke Hajara ta aiko cewa Allah ya karɓi ran maigidanta, Malam Lawan direba, maƙwabcinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ɗan garinmu, Kwarin Maje.

Malam, da girmana na koyi rubutu a ajin manya na Darmanawa, har yanzu hannuna ba ya sauri. Amma wannan ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Ka san abin da yake hana ni sukuni. 'Yata Zahra'u tana aure a Kwarin Maje. Haihuwarta ta fari a mota ta zo, a hanyar birni, ɗan bai zo da rai ba, alhali ga ƙaramin asibiti a garin, a kulle. Duk malamar asibitin da aka turo, ba ta daɗewa take neman canji. Mu muka ce ƙauye ne ba sa so. Kai ka ce mun daɗe muna kallon garin har mun daina ganinsa, a kawo baƙi su duba mana.

Karon farko ka cika motarka da abokanka na tasha. Labari ya riga ku isa. Aka share ko'ina, aka yanka kaji, aka dama fura. Da aka tambayi baƙin me suka gani, sai suka ce gari ya yi kyau, Allah ya ƙara albarka. Ka dawo kana dariya, kana cewa wa zai ci kajin mutane sannan ya kushe musu gari.

Karo na biyu Maigari kaɗai ka sanar, ka roƙe shi kada a ɗauki tsintsiya, kada a ɗora tukunya sai baƙi sun gama magana. Dattawa suka ji haushi, suka ce zaman birni ya mantar da Lawan karamci. Ka ɗauko Wale mai gyaran famfo da Adaobi mai kemis, wadda muke kira Maman Chidiogo. Ni ma na bi ku don in ga Zahra'u.

Maman Chidiogo ce ta zagaya bayan asibitin, inda ɗakin kwanan malamar yake. Rufin a huje, banɗakin ba ƙofa, yana kallon hanyar da maza suke bi zuwa gona. Ta dawo gaban Maigari ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Za ka bar 'yarka ta yi wanka a can?"

Kai kuwa ka ce, "Ci gaba, Madam, ai ba ki ci komai nasa ba tukuna." Har Maigari sai da ya dara. Wale kuma ya ce burtsatsen da muka cire wa rai gyara kawai yake so.

Baƙi suka tafi, aiki ya zama namu. Aka kira gayya. Matasa suka buga bulo, mata suka ɗebo ruwa, 'yan garinmu masu tuƙa Adaidaita a Tarauni suka kawo kwanon rufi. Duk Juma'a kana hanya, motarka cike da siminti maimakon fasinja, Hajara tana mita kana ba ta haƙuri. Kafin damina ta kankama aka turo wata malamar, kuma ta zauna.

Duk da haka, da Zahra'u ta sake samun ciki, na zo na ce ka ɗauko mini ita ta haihu a Kano. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce motarka a shirye take duk ranar da na so, amma in tuna matan garin ni suke kallo. In ni da na ga aikin da idona na gudu da tawa, wa zai yarda da asibitin? Ban ba ka amsa ba har Allah ya ɗauke ka.

Ga amsata, Malam. Watan haihuwarta ya kama. Tsoro bai sake ni ba, kuma ban ce zai sake ni ba. Amma ba zan ɗauko ta ba, ni zan je. In Allah ya so a Kwarin Maje za ta haihu, ina zaune a bakin ƙofa.

Allah ya jiƙanka, Malam Lawan, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajara, ke da yara da duk mutanen garinmu, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Kulu Zakariyya, Gyaɗi-Gyaɗi.