Karan da Kawu Ya Kafa a Gonar Alkama

A ƙarshen zamanin Turawa, kafin in fara yawon ƙasashe, ina Haɗeja ina aikin tafinta. Barbarci da Fulatanci na ji su tun a gida da kasuwa, Turanci kuwa a wurin aiki na tsince shi. A lokacin ne wani Bature mai gwajin noman rani ya kafa injin wuta a bakin kogi. Injin yana ba famfo wuta, famfo yana ɗaga ruwa zuwa gonaki. A bisa rumfar injin akwai ƙwan fitila guda, wanda mutane kan zo daga Miga da Jahun su kalla yana ci da rana tsaka ba kananzir.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka yarda da abin. Ya kwance jigonsa da yake ɗiban ruwa da shi, ya zuba dukan irin alkamarsa a fangali, bai rage ko tafi ɗaya ba. Gonarsa ce ta ƙarshe a hanyar ruwan.

Da alkama ta fara ciki sai injin ya fara mutuwa. Fitila ta ɗauke, ƙara ta tsaya, ruwa ya maƙale a hanya. Kawu bai iya boko ba, ba shi da agogo. Abin da ya yi ya daɗe yana ba ni mamaki. Duk ranar da wuta ta ɗauke, sai ya bi danshin ƙasa har inda ya ƙare, ya kafa karan dawa a wurin. Na tambaye shi amfanin haka.

Ya ce, "Kai, in saniya ta shiga gonarka, share sawunta kake yi?"

Ashe ya ɗauki injin tamkar dabbar da ta yi ɓarna. A wurinmu in shanu suka ci gona, ana barin sawu yadda yake, a kira dattawa su gani da ido. Haka ya yi. Da rabin alkamar ya bushe, ya kira mai unguwa da wani Arɗo, tsohon abokin wasansa, domin kakar Kawu Babarbariya ce. Ni kuma aka aike ni in taho da Baturen.

Baturen ya bi karan nan ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana taɓa ƙasa. Ya ga yadda suke ja da baya, kullum ruwa na ƙara gazawa. Bai yi gardama ba. Ya ce laifin injinsa ne, in tambayi Kawu abin da yake so.

Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Allah ne ya kawo. Na yafe."

Na faɗa da Turanci. Baturen ya yi murna ƙwarai, ya riƙe hannun Kawu yana jijjigawa, ya hau kekensa ya tafi.

Kowa a wurin ya san yadda abin yake tafiya: mai gona ya ce ya yafe, mai shanu ya ce Allah ya kiyaye, sannan a aiko da abin gida ba tare da magana ba. Daga baya na ga irin wannan jan hannu a Sudan da Makka, inda mai kanti zai rantse ba zai karɓa ba, kai kuma ka san sai ka ajiye. A Ikko da Ingila kuwa na ga in ka ce ka yafe, an gama. Ranar dai ban ga ko'ina ba tukuna, kallon bayan keke kawai nake.

Arɗo ne ya fara dariya. "Bawana, yau ka yafe wa wanda bai san kunya ba. Baɗi sai ka shuka karan nan."

Kawu ya ce, "Rufe mana baki, mai bin jelar saniya." Amma muryarsa ta faɗi. Ba shi da iri.

Washegari na je na yi wa Baturen bayanin al'adar. Ya saurara da sha'awa, har yana tambaya ko a aure ma haka ake yi. Sai ya tashi, ya ja ni har gona, ya ce in tambayi Kawu a gaban mutane: da gaske ya yafe, ko yana so a biya?

Ina Kawu zai sa kansa? Ya ce, "Faɗa masa ni ba yaro ba ne. Na yafe."

Arɗo ya kama hannun rigata, ya yi mini magana da Fulatanci don kada Kawu ya tsoma baki. "Gaya wa mai jan kunnen nan ya daina tambaya. Ba shi da jaki ne?"

Na faɗa masa, ban da jan kunnen. Baturen ya ce wa Kawu ya gode, ya tafi.

Ranar kasuwa sai ga jakai a ƙofar gidan Kawu da buhunan irin alkama. Mai korar su ya sauke bai ce uffan ba. Kawu ya fito yana faɗa: "Wane ne ya sa shi? Ai na ce na yafe!" Yana faɗan, hannunsa na cikin buhu yana murza ƙwayar, ya kai ɗaya baki ya ciza. Irin baƙo ne, ya fi namu tsawo, kuma matan gida sun daɗe suna cewa taliyarsa ba ta kai ta da ba.

Da rani ya zagayo ya shuka shi. Amma kafin ya zuba ko ƙwaya ɗaya, sai da ya sake kafa jigonsa a bakin kogi, dab da rumfar injin.