Masarar da Kaza Ta Ci

Da na ji ana ɓarzar masara cikin kwano, zauren kakanmu na Yasore nake tunawa. A can masara ba tuwo kaɗai take yi ba, da ita ake ƙirga salati.

In abu ya tsananta a gidanmu, kakanmu kan sa a yi Salatin Nariya ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu, ba ƙari ba ragi. Mutum goma sha ɗaya yake kira, kowa a tara masa ƙwaya ɗari huɗu da huɗu. In goma suka zo, sai a nemo cikon. In na sha biyu ya leƙo, a ba shi fura ya yi kallo. Ina yaro na ɗauka tsoho na da waɗanda ba ya so ne.

Daminar da Inna ta kwanta, rabin jikinta ya daina motsi, aka zauna bayan la'asar. Kowa da tsibi biyu a gabansa: in ya karanta ɗaya, ya ɗauki ƙwaya daga dama ya ajiye hagu. Ana cikin haka baffana ya tashi sake alwala, kazar kakarmu ta faɗo zauren. Kafin a ce kar, ta yi tsattsaga a wurinsa.

Aka ƙirga rabonsa, biyar babu. To daga wane tsibi? In daga hagu ne, an riga an karanta su, ƙarawa zai ɓata adadin. In daga dama ne, akwai giɓi. Baffa ya ce a ƙara, liman ya ce a bari, aka yi ta ja har magariba ta kusa. Ni kuwa tsoro ya cika ni, ina jin nishin Inna daga ɗaki.

Kakanmu ya ce, "Allah Ya san abin da kaza ta ci. A shafa."

Inna ta tashi, amma ƙafar hagu ba ta dawo daidai ba. Kakarmu ta yanka kazar, kuma har ta rasu tana cewa biyar ɗin nan ne suka maƙale a ƙafar.

Yau ina koyar da lissafi a Batsari. Na gane tsoho ba ƙin kowa yake ba: adadin salatin huɗu ne sau sha ɗaya sau ɗari da ɗaya, ba ya rabuwa daidai ga goma ko sha biyu. Yanzu ma carbin latsawa ake amfani da shi, wanda kaza ba ta ci. Na san ciwon Inna shanyewar jiki ne, likita ya faɗa. Duk da haka, in na ga tana jan ƙafar nan a tsakar gida, sai in ji ina tambayar kaina: dama ko hagu?