Haƙarƙarin Dogo

Waɗanda suka san Maman 'Yan Biyu a shekarunta na karatu sun yi ittifaƙi a kan abu guda: ba a taɓa ganin ta zaune da littafi ba. Da safe tana yankar kati a wani ƙaramin asibiti, da yamma tana koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi, tsakanin nan kuwa 'yan biyu ne ke mulki. Ta taɓa faɗuwa jarrabawar baki, inda ake nuna wa ɗalibi jikin mutum ya faɗi sunan kowane ƙashi. Dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗuwa, ita da teburin kati sai ritaya.

Allah ya ba ta miji siriri, wani kafinta da ake kira Dogo. A jikinsa take bita. Yana cin abinci tana ƙirga haƙarƙarinsa, yana aske gemu tana laluben allon kafaɗarsa.

"Likita, yau ina za a karanta?" yakan tambaya yana cire riga.

"Juya baya, maigida. Kuma ka daina dariya, kana ɓata min shafi."

Ana haka mahaifiyarsa ta zo ziyara. Ta dubi ɗanta, ta dubi littattafan da ke kan firji, ta yanke hukunci cewa boko ne ya cinye shi. Ta karɓe kicin. Dogo bai taɓa iya ƙin kwanon uwarsa ba. Kafin jarrabawa ta matso, haƙarƙari sun nutse, wuya ya cike.

Ranar da matar ta danna gefensa ta ji taushi kamar matashi, sai ta zauna a bakin gado ta yi tagumi. Tsohuwar ta leƙo.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

"Mama, kun shafe min littafi."

Da aka yi mata bayani, tsohuwar ta shigo ɗakin. Sannan ta kori ɗanta waje, ta tura ƙofa, ta sauke mayafi.

"Zo ki karanta nawa. Tun kafin a haife ki suke a fili. Amma in kika faɗi, kada ki ce a jikina kika koya."

Ta ci jarrabawar. Dogo kuwa bai sake ramewa ba, kuma har yau yana ƙorafin cewa an sallame shi daga aiki ba tare da sanarwa ba.