Ni Ce Bado

A gidanmu na Tudun Wada, tatsuniyar kakarmu Iya ba a jin ta a zaune. Bayan magariba, tana gyara itacen murhu, sai ta ce, "Ga ta nan, amma da ƙafa za ku ji ta. Ku miƙe."

Nan take tsakar gida ta zama kududdufi. Yayana Sale shi ne zalɓe, ƙafa ɗaya a sama, wuya a miƙe. Ƙannena tagwaye su ne kwaɗi, abin da dama suka fi iyawa. Iya ba ta koya wa kowa taku. Cewa take, "Ka taɓa ganin tarwaɗa a taɓo? To nuna mini." Ni kuwa kullum bado ce. In tsaya kusa da turmi, in buɗe tafin hannu, in riƙa lilo ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Labarin ɗaya ne. Wata damina ruwa ya yi yawa har ya haɗiye kududdufi. Kwaɗi suka haye tudu, zalɓe ya tashi, tarwaɗa ta bi kogi. Bado mai saiwa a ƙasa ya ce, "Ku je, ni zan riƙe muku wurin."

A nan Iya take tsayar da labarin. Ko ƙurunƙus ba ta cewa.

Sai in ce, "Iya, sun dawo?"

"A yi rawa."

"To ni yaushe zan taka?"

"Jikalle, in kin taka, wa zai nuna musu gida?"

Ban gane ba. Na ɗauka don ba ni da jikin rawa ne, har na sha kuka a bayan rumbu.

Sai bayan rasuwarta Baba ya ɗauke ni a kwalekwale a dam ɗin Tiga. Muna tsakiyar ruwa ya tsayar da filafili ya ce, "Garin su Iya yana ƙarƙashinmu, ruwan dam ɗin nan ya haɗiye shi." Na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata.

Har yau ban san ko labari take ba mu ko aiki ta ɗora mini ba. Yanzu ni nake tara yaran unguwa, kuma ba na sa kowa bado, ni nake tsayawa. Jiya wata ƙarama ta ja zanena ta ce, "Gwaggo, sun dawo?"

Na buɗe tafin hannuna na ce, "A yi rawa."