Biyun da Na Rufe da Laka

Daminar da 'yata ta fara rarrafe muna zaune a gangaren Samaru, a wani ɗan gidan haya, layi na ƙarshe kafin rafi. Ƙofar gidan akwai lambatu mai zurfi, an gitta masa katako biyu, a kansu muke tsallakawa. Maigidana yana gyaran rediyo a wani shago a PZ, cikin Sabon Gari. Da sassafe yake shiga bas ya tafi Sabon Gari, sai bayan magariba. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, amma ba ta iso irin hannunmu ba. In ya fita, daga ni sai yarinya sai Allah.

Wata Talata ina wanke-wanke na ji sallama. Na leƙa zaure, maza uku ne da riguna ruwan lemo a kan kayansu, ɗaya riƙe da gwangwanin fenti. Suka ce daga ƙaramar hukuma suke, ofishin agajin gaggawa. Ni dai hukuma na ji, gabana ya faɗi. Babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tambayi maigida, na ce ba ya nan. Ya ce da rana mu nawa ne a gidan. Na ce ni da 'yata. Sai ya kama dogon bayani, rabi Hausa rabi Turanci irin na mutanen Samaru, a kan ruwa da rafi da makarantar firamare ta kan tudu, yarinya kuma tana tsala kuka a bayana. Abu ɗaya ne ya zauna mini a kunne.

"In lokaci ya yi, za mu zo mu tashe ku."

Da suka wuce na fito. A bango, gefen ƙofa, sun gicciya layi biyu da jan fenti, a ƙasa sun rubuta lamba biyu. A aji uku na tsaya, karatu bai zauna ba, amma lamba na sani.

Jan fenti ma na san shi. A Jushi na tashi. Ina ƙarama gwaggona tana da rumfar tuwo a bakin titi, aka zo aka yi mata irin wannan alama, ba a rufa wata ba sai ga katafila. Ina tsaye kwanon rufin ya nannaɗe kamar tabarma. Ranar ma abin da ake ta faɗi ke nan, an tashi 'yan bakin titi. To ga jan fenti, ga za mu tashe ku, ga biyu. Na ce shi ke nan, sati biyu suka ba mu.

Na ɗauko kananzir da soson ƙarfe na dirza har yatsuna suka saluɓe, fentin ya riga ya shige siminti. Sai na kwaɓa laka da 'yar ciyawa na yaɓe wurin, na ƙara da gefe da gefe don kada ya ja ido. A tunanina direban katafila alama yake bi, in bai gani ba ya wuce.

Gidan da ke kallon namu na wata malamar firamare ce, mutuniyar kudancin Kaduna. In ta tafi aiki takan bar 'yan biyunta wurin surukarta, tsohuwar da ƙafa ta daina ɗauka. Su uku aka rubuta musu. Na ce ai dole, ma'aikaciyar gwamnati ce, an ƙara mata sati guda. Ta dawo ta same ni hannu duk laka.

"Amarya, yau kuma gini ake?"

Na ce bangon ne ke zuba. Ta yi dariya, ta ce in na gama in zo in yi musu nasu. Da na buɗe baki na tambaye ta, da magana ta ƙare a nan. Kunya ta hana, da tsoron kada a ce na ɓata aikin hukuma. Maigida ma ban gaya masa ba. Na dai riƙa ƙirga kwanaki, duk babbar motar da ta yi gurnani a titi sai na saki abin da ke hannuna.

Kwana na tara aka tashi da yayyafi. Bayan azahar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Rafin da kullum ba a jin motsinsa, ranar daga cikin ɗaki nake jin rugugin sa. Can na ji ƙarar tifa a saman layi da lasifika, amma dukan ruwa a kan kwano ya hana ni jin ko kalma ɗaya. Na ce sun zo, ko sati biyun ba su bari ya cika ba. Na kwantar da yarinya a tsakiyar gado, na je na danna sakata, na sa ido a hujin ƙyaure.

Masu rigar ruwan lemo ne, ruwa ya kai musu gwiwa. Suka shiga gidan malama. Wani ya fito goye da tsohuwar, wani ɗauke da yaro ɗaya. Har sun juya, dattijon nan ya tsaya ya dubi bango.

"Uku aka rubuta. Ina na ukun?"

Suka koma, suka fito da ɗaya ɗan biyun, ashe ƙarƙashin gado ya shige.

A nan na gane. Ashe ba sati ba ne. Mutane ne. Biyun nan ni ce da 'yata.

Na ga ɗayansu ya dubi bangonmu, ya dubi ƙofa a rufe, ya yi alama da hannu cewa ba kowa. Layinmu akwai gidajen ɗalibai da suka tafi hutu, su ba a yi musu alama ba. Kafin in zare sakatar da ta kumbura ta cije, sun miƙa tsohuwar da yaran wajen tifa, sun gangara ƙarshen layi. Na ƙwala kira har maƙogwarona ya yi zafi, ruwa ya haɗiye muryar. Katakon tsallakawa babu su. Lambatu da hanya sun zama ɗaya, ban san inda ramin ya fara ba.

Na juya kan bango. Lakar da na yaɓa ta sha rana kwana takwas, bakin rufin kwano kuma ya kare ta daga ruwa, ta yi tauri kamar tukunya. Na sa farce, farce ya karye. Na cafke wani murfin kwano da ruwa ya kwaso daga tsakar gida, na riƙa jiƙawa ina kankara, ina salati. Jan ya fara leƙowa. Kan biyun ya fito, sannan wutsiyarta. Ban kai ga gicciyen ba na ji kukan yarinya ya sake, ba irin na neman nono ba.

Na same ta ruwa yana lasar katifa. Na goya ta, na ɗaure da zani biyu, na rufa mata ledar tebur. Komawa zaure ya gagara, ruwan da ke turowa ta nan ya fi ƙarfin ƙafata. Na hau murfin durom ɗinmu da ke cike a baranda, na rungume ginshiƙi. Tukwanena suna yawo a tsakar gida, takalmin maigida ɗaya ya wuce ta gabana. Ina jin zuciyar yarinya a gadon bayana. Abin da nake ta juyawa shi ne, ko abin da na kankare ya isa a gane, ko za su ma sake bi ta layin.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji murya a waje tana cewa akwai biyu a nan, ɗazu ba a gani ba. Suka shigo riƙe da igiya, dattijon a gaba, ruwa a ƙugunsa. Ya dube ni.

"Ke kaɗai? Biyu muka rubuta."

Na juya masa baya na ɗaga ledar.

A cikin tifa ya tambaye ni wa ya rufe alamar. Na ce ni ce. Ya ce don me. Na ba shi labarin rumfar gwaggona. Na zaci faɗa zai yi, sai ya koma kallon gwangwanin fentin da ke birgima a ƙasan mota. A makaranta malama ta kama hannuna ta dubi farcen, ta ce amarya, ginin naki bai yi ƙarko ba, sai kuma ta fashe da kuka. Maigida ya iso a ƙafa tun daga Sabon Gari, ya bi aji aji yana nemanmu.

Damina ta gaba suka dawo layinmu, wannan karon da shuɗin fenti. Wanda ya yi bayani da Hausa zalla ya yi, ya ce in ruwa ya taso za su zo su kai mu tudu. Ya tambayi mu nawa ne da rana. Ina da jariri sabuwar haihuwa a hannu, na ce uku. Na tsaya a wurin har fentin ya bushe.