Ƙarshen da Ruwa Ya Cinye

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Agana ta shiga gidanmu ta kwashe kowa, ta bar ni da ramuka a fuska. Kawuna ya ɗauke ni ya sa ni rini a marinar unguwarmu, kusa da Ƙofar Kibo, tare da ɗansa, taubashina. Shi yana ce mini bawansa, ni ma ina ce masa bawana.

Wata damina, Turawa ba su tafi ba tukuna, santsi ya kwashe taubashin nawa ya faɗa ramin baba har wuya. Ya shiga gida shuɗi fes. Matarsa ta dube shi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ya sake ta saki ɗaya.

Ta koma gidan ubanta a Ƙofar Doka. Shi kuwa ya rame, ya daina waƙa a bakin rami, amma zuwa biko ya ce sai dai a kai gawarsa. Idda ta kusa cika. Wani mahauci har ya fara aika wa ubanta ƙafar saniya.

A lokacin ɗan birni ba ya zuwa sinima, sai ɗan iska. Ni ina zuwa. Nakan taka har Sabon Gari, hannuwana cikin aljihu, don shuɗin baba yana tona mutum.

Ran nan fim ɗin Indiya aka sa. Ban ji kalma ɗaya ba, ban kuma bukata ba. Saurayi ya yi fushi da yarinya, ya hau jirgin ƙasa. Ta biyo shi da gudu, gyalenta ya faɗi, ya kafe wuya ya ƙi waiwaya. Sai da jirgi ya yi nisa ya waiga, babu kowa sai hayaƙi. Ya fara waƙa a hankali, kamar mai ciwon haƙori. Na binne mutane da yawa ban yi kuka ba. Wannan waƙar kuwa sai da ta sa na share ido.

Gidan sinimar ba shi da rufi. Ruwa ya kece, wuta ta ɗauke, kowa ya watse. Ban ga ƙarshe ba.

Da safe muna motsa baba na ba taubashina labari. Ya yi kamar ba ya ji. Da na kai wurin jirgi na yi shiru.

"Sai me, bawana?"

"Ba ka ce kallon 'yan iska ne ba?"

"Faɗi mana, mai fuskar rariya!"

"Ya dawo da furfura. Ya tarar ta auri mahauci."

"A Indiyar ma akwai mahauta?"

"Manya. Ta yi ƙiba, tsire safe da yamma. Ya tsaya a ƙofar gida, yaranta suka ɗauka mai bara ne, suka miƙo masa ƙashi."

"Ita fa? Ta gane shi?"

"Ta leƙo. Ta yi dariya."

Ya tsaya da sandar motsa baba a hannu. Can ya jingina ta, ya wanke hannu, wankin da ba ya fitar da komai, ya tafi neman kawu ya raka shi biko. Kafin sati ta dawo ɗakinta.

Da rani aka maimaita fim ɗin. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya saci jiki ya je. Washegari ya zo duba ni, idanunsa jajir.

"Maƙaryacin bawa. Babu mahauci ko ɗaya."

"To me ya faru?"

"Na kalla har ƙarshe. Wallahi ya fi naka ciwo."

"Faɗa mini."

"Je ka tambayi mahaucinka."

Na roƙe shi shekara da shekaru, ya ƙi. Matar ta sani, don ya ba ta labari. Duk sanda na tambaye ta, sai ta rufe baki da gefen zane ta yi ta dariya, shi kuma yana zaune yana kallonta, dariyarta ba ta ƙara ɓata masa rai ba.