Malam Illo da Kabarin Allura

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini mana, ku ce ta zo mu ji ta. To ta zo, sai dai ba ta Gizo ba ce, mai ita yana nan da ransa.

Shekara arba'in da ɗoriya, kullum da hantsi Malam Illo zai buɗe rumfarsa a Zongo, ya shimfiɗa buhu, ya goge tabarau da bakin riga. Rediyo yake gyarawa don tuwo, amma zuciyarsa tana wajen garmaho, akwatin waƙar nan mai hannun juyawa. Babu ɗan ƙarfen da ke jikinsa wanda Illo bai san dalilinsa ba.

Bara ƙawata Ramlatu ta kai masa garmahon gidansu daga unguwar Lamorde. Faifai ɗaya gare ta, kuma muryar mahaifiyarta ce a ciki, an ɗauke ta tana waƙar biki tun Ramlatu tana goye. Muryar ta fara shaƙewa, kamar mai magana daga cikin rijiya.

Illo bai ma taɓa faifan ba. Ya nuna wani ɗan gwangwani a kusurwar akwatin, mai murfi da huda a tsakiya.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ma'ajin allura mana. Nan muke ɗauka."

Ya dafe kai. "Wayyo Hajiya, kabarinsu ne! Allura waƙa ɗaya take yi, a jefa ta nan. Hudar ta shiga ce, ba ta fita ba. Kuna tono matattu kuna sa su aiki, su kuma suna cin muryar Inna."

Ramlatu ta ce, "Ni na cinye ta ke nan?"

"Ba duka ba. Kin rage mana loma."

Ya ce ƙarfe ba zai ƙara hawa faifan ba. Kwana uku yana zaɓen ƙayar aduwa yana feƙe ta a madadin allura. A na huɗu ya sa ta riƙe portabul ɗinta, wayar hannu, a bakin akwatin don ya ɗauki muryar. Ƙaya ta sauka, sai ga muryar. Siririya, amma ita ce, har ɗan tarin da ta yi kafin amshi. Ramlatu, tsohuwa mai shekara saba'in, ta ce, "Inna." Telan da ke maƙwabtaka ya tsai da kekensa.

Kai ne, Illo, mai tambayar ƙarfe dalilinsa kafin ya taɓa shi. Fofo, mun gode, Allah ya biya ka. Ku masu gyara na yau, ku yi koyi: abin da ba ku gane ba, ku tambaya tun masu saninsa suna nan.

Yanzu idon Illo ya yi rauni, ya rufe rumfa, yana gidan ɗansa Sumana. Mai sayar da caja ya gaji wurin. Faifan yana cikin adaka, ba a ƙara sa shi ba. Ramlatu tana nan Lamorde, tana jin uwarta a portabul minti uku kowace safiya, sannan ta ɗora tukunya.